Adaftar Hajiya

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da nake, ban taɓa jin Hajiya ta kira sunana ba. Zahra'u dai, suna mai sauƙi, har mai kayan miyan bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi yana ƙwala shi in na wuce ban gaishe shi ba. Amma a bakin Hajiya ni "yayarku" ce, ko "'yar gidan Inna", don kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni a Hotoro har na shiga sakandare. In muna ɗaki ɗaya ba ta kallona. In tana son in ci abinci, bango take gaya wa cewa ga tuwo nan yana hucewa. Kunyar ɗan fari ake ce wa abin, kuma mutane suna yabonta, wai Hajiya ta riƙe al'ada. Ni da ake riƙe al'adar a kaina, ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake ji.

Da Baba yana da rai, abin da sauƙi. Shi ne mai kai saƙo tsakaninmu, kuma ya iya aikin, don yakan ƙara gishiri a hanya. Hajiya za ta ce a gaya wa waccan ta rame, shi kuma ya zo ya ce mini uwata ta kasa barci saboda tunanina. Na san ƙari yake yi, amma hannu bibbiyu nake karɓa. Da ya rasu ƙanena Sadiq ya gaji aikin, sai dai shi ba ya ƙara komai, yadda aka ba shi haka yake miƙowa. Daga baya ya samu aiki a Abuja ya tafi da matarsa. Sai ya zama in Hajiya tana son maganin hawan jini, za ta buga waya Abuja daga Tarauni, Abuja ta bugo Gyaɗi-Gyaɗi, alhali mai adaidaita sahu zai kai ni ƙofar gidanta kafin shayi ya huce.

Ana cikin haka aka yi wa mijina Bello canjin wurin aiki zuwa Dutse. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, ɗakin yara, kuma in na nema ba zan rasa gurbi a can ba. Bello ya ce zaɓi nawa ne, ko mu tattara gaba ɗaya, ko in zauna a Kano da yara shi ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Na ce ya ba ni lokaci. Gaskiyar magana ba lokaci nake nema ba, kalma ɗaya nake jira daga Tarauni. Na sa Sadiq ya gaya mata, na zauna ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da amsar ta zo, cewa ta yi Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na tambayi Sadiq ko shi ke nan. Ya yi tunani, sannan ya ce ta kuma ce tana jin labarin dabinon Dutse, wai yana da kyau.

Dabino fa. Ina da 'ya'ya uku, na kusa arba'in, amma ranar na shiga ɗakin ajiyar magani na turo ƙofa na yi kuka saboda dabino. Da na fito na wanke fuska, na gaya wa Bello ya fara neman gidan da zai ɗauke mu duka.

Sadiq ne ya kawo maganar kwamfuta. Hajiya tsohuwar mai buga tafireta ce, a wata ma'aikatar jiha ta yi aikinta har ta yi ritaya, kuma har gobe ba ta yarda da wayar shafawa ba. Ta ce abin da yatsa ba ya jin ya danna, ba rubutu ba ne. Wayarta 'yar ƙarama ce mai maɓalli. Amma akwai tsohuwar kwamfutar tebur ta Baba a ɗakinta, lulluɓe da zane, kuma lafiyarta lau. Sadiq ya ce tunda ni ma zan bar gari, a haɗa mata ita da intanet ta riƙa rubuto mana, ta riƙa ganin jikokinta. Ya aiko da ɗan akwatin intanet ta hannun wani direba, irin wanda ake sa wa layi a jona da wuta, ya ce sauran aikin nawa ne. Na karɓa. Na ɗauka wannan ce sallamata, in haɗa ta da duniya in kama gabana.

Na bi ta shagon Elisha, wani mutumin Pankshin mai gyaran kwamfuta a bakin titinmu, wanda na taɓa jinyar 'yarsa. Ya ce tsofaffin kwamfutocin tebur ba su da kunnen jin wayifai, sai an soka musu adafta. Ya ɗauko mini wani ɗan abu baƙi mai kama da filash, da 'yar eriya a bayansa. Ya zuba mini manhajarsa a filash dabam, ya ce in fara sa ta, in ba haka ba kwamfutar za ta nemi intanet don ta sauko da abin da zai ba ta intanet, mu wuni muna zagaye wuri ɗaya. Sannan ya ce hanya biyu ce. Ko adaftar ta kama akwatin, ko ta kama wayata kai tsaye in na kunna hosfot, wato wayar ta raba mata intanet ɗinta.

"Akwatin shi ne daidai, Sista," in ji shi. "Kowa ta kan akwatin yake bi, kuma yana nan ko ba kowa a gida. Ta waya kuwa, mai waya yana tashi intanet ya tashi."

Na ce masa a gidanmu mun daɗe da sanin bi ta kan akwati. Bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba.

Ranar Asabar da hantsi na isa Tarauni. Ko da na yi sallama, na tarar Hajiya ta riga ta yi shirinta: ta kira maƙwabciyarta Madam Ruth, wadda muke ce wa Maman Gloria, tsohuwar malamar firamare 'yar Kagoro, ta zaunar da ita a bakin gado. Tun muna yara katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma ita kaɗai ce take iya yi wa Hajiya tsiya ta kwana lafiya. Na durƙusa na gaida su. Maman Gloria ta amsa da sunana har sau biyu, ta tambayi yara da aiki. Hajiya ta ce wa labule an iso lafiya.

Na yaye zanen, na goge tebur, na kunna kwamfutar. Ta tashi a hankali tana gurnani, sai ga hoton Baba a allo, yana riƙe da Sadiq ranar da ya gama jami'a. Na kau da kai na sa filash. Ramukan gaba duk sun mutu, dole na rarrafa ƙarƙashin tebur na laluba na baya, gyalena yana kwasar yanar gizo. Ina can ƙasa na ji Hajiya tana cewa Maman Gloria a tambaya mata ko ba sai an kashe na'urar ba kafin a soka mata wani abu.

"Ga ta nan a ƙarƙashin ƙafarki, Hajiya," in ji Maman Gloria. "Ko haurinta za ki iya yi."

Hajiya ta yi kunnen uwar shegu. Na amsa wa ƙafar tebur cewa ba sai an kashe ba.

Manhajar ta shiga ba gardama, Allah ya taimake mu da wuta. Da na soka adaftar na miƙar da eriyarta, wata 'yar fitila shuɗiya ta fara ƙiftawa, sai sunaye suka fito a gefen allo: na mai kemis ɗin bakin layi, na wani maƙwabci da ya sa wa nasa sunan ƙungiyar ƙwallo, da wasu da ban sani ba. Hajiya ta sa tabarau ta matso. A nan na ga abin da na manta game da ita, wato ba ta tsoron inji. Ta tambayi Maman Gloria ko duk waɗannan a cikin iskar ɗakinta suke tun da daɗewa ba ta sani ba. Na ce suna nan, kunnen ji ne babu.

Akwatin Sadiq ya ba mu 'yar wahala. A ɗakin Hajiya sabis ba ya shiga sosai, sai da na kai shi falo na ɗora a kan taga. Da ya kama, ya fito da suna biyu, ɗaya mai lamba biyar a ƙarshe, ɗaya babu. Elisha ya riga ya gaya mini bambancinsu, na maimaita wa Maman Gloria ita kuma ta yi kamar tana fassarawa. Mai lamba biyar ya fi gudu amma ba ya son bango. Ɗayan yana tafiya a hankali, amma yana ratsa ɗakuna. Hajiya ta ce a gwada duka. Mai gudun ya zo da sandar sabis ɗaya, ya buɗe rabin shafi ya tsaya. Mai nawar ya cika sandunansa ya zauna daram. Na sa kalmar sirri, na nuna inda ake dannawa, na buɗe mata wurin rubuta saƙo.

Ta gyara zama, ta ɗora yatsunta a kan maɓallan, ba ta ko kalle su ba. Na daɗe ban ji wannan ƙarar ba. Ina ƙarama, in Inna ta kawo ni hutu, nakan laɓe a bakin ƙofa ina kallonta tana buga takardun da ta taho da su daga ofis, ina fatan ta yi kuskure ta ɗago kai. Ba ta yi. Yanzu ma kafin in ƙifta ido ta rubuta wa Sadiq saƙo mai tsawo, shi kuma ya kira ta bidiyo. Fuskarsa ta cika allo, ga matarsa, ga jaririnsu. Hajiya ta washe baki. Sadiq kaza, Sadiq kaza, ka rame, ka yi aski. Ina tsaye a bayan kujerarta da yanar gizo a gyale, ina jin kishin ƙanena kamar 'yar shekara bakwai. Ba na jin kunyar faɗa, kishi ne tsagwaronsa.

Da aka gama, Maman Gloria ta miƙe ta ce tana da koyon waƙa a coci, kuma ita ba a ɗauke ta aikin tafinta ba. Hajiya ta yi ta riƙe ta da hira har bakin ƙofa, amma ta tafi. Ɗakin ya yi tsit, sai fankar kwamfuta. Na fara naɗe wayoyi ina tattara kwalaye. Na ce aiki ya kammala, akwatin zai zauna a taga, in an ɗauke wuta yana da batirin da zai riƙe shi na ɗan lokaci, data kuma Sadiq zai riƙa sa wa daga can. Ba abin da za ta nema a wurin kowa. Da gangan na faɗi wannan na ƙarshen, kuma na so ya yi mata zafi.

Hajiya ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta ce wa kwamfutar ai ta ji ana gaya wa Maman Gloria hanya biyu ce, ɗaya aka gwada. Ta ce a ma'aikata ba ta taɓa karɓar sabuwar tafireta ba sai ta danna kowane harafi.

Raina ya ɓaci, don ina da wanki a gida kuma na gaji da tsayuwa. Amma na ciro wayata na kunna hosfot, na cire kwamfutar daga akwatin. Sai ga sabon suna a saman sauran, da cikakkun sanduna. Ban taɓa lura da abin da na sa wa wayata ba sai a lokacin. Zahra'u, ɓaro-ɓaro, a gaban idon Hajiya. Na ga hannunta ya tsaya a kan linzamin. Ban taimake ta ba. Can ta kai kibiyar a hankali ta danna, na sa kalmar sirri, ya kama.

Ta ce a gwada nisansa. Na fita falo da wayar a hannu, kuma a nan shaiɗan ya raya mini wata dabara. Na ɗaga murya na tambaye ta wane suna take gani a sama yanzu, wai don in san ko yana nan.

Sai ga muryarta daga ɗaki.

"Ana ganin na mai kemis," ta ce. "Ana ganin na Sadiq guda biyu. Ana ganin na mutanen Gyaɗi-Gyaɗi."

Na yi dariya ni kaɗai a falo. Matar nan ba za a kama ta ba. Na wuce tsakar gida, ta ce ya ragu. Na tsaya wajen famfo, ta ce saura kaɗan. Na shiga zaure, na buɗe ƙofar gida na sa ƙafa a waje. Wani mai adaidaita ya rage gudu yana tambayata ko tafiya ce. Daga can ciki na ji muryarta, ba da ƙarfi ba, ta ce ya ɗauke. Na ce wa mai adaidaitan ya wuce, na koma.

Muka gwada komai a kan wayar tawa. Shafi yana buɗewa, amma da jan ƙafa. Bidiyo yana yi yana tsayawa. Bello ya kira ni a tsakiyar gwajin, nan take komai ya daskare sai da na katse. Wayar ta ɗauki zafi kamar an ciro ta daga tukunya, batirin yana zuba a kan idona. Na jera mata duk wannan dalla-dalla, yadda nake yi wa iyayen yara bayanin magani. Akwati ya fi sauri, ya fi ƙarfi, ba ya gajiya, kuma yana aiki dare da rana. Waya ta ranar da akwati ya lalace ce kawai. Na miƙa hannu zan mayar da kwamfutar kan akwatin.

Hajiya ta tashi ta fita falo. Na ɗauka alwala za ta yi. Sai ga ta ta dawo da akwatin Sadiq a hannu, ta zare shi daga wuta ta kashe shi, fitilunsa a mace. Ta ɗauki kwalinsa daga inda na ajiye, ta naɗe wayarsa tsaf, ta sa a ciki ta rufe. Ta ce a miƙa wa Maman Gloria ta katanga, jikokinta masu karatu sun fi bukatarsa.

A nan haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga wa Hajiya murya ba, don ba a ɗaga wa wanda ba ya magana da kai murya, amma ranar na yi. Na ce na bar aikina na gida, na rarrafa ƙarƙashin tebur, na yi mata abin da zai amfane ta, ita kuma don dai ni ce na ce akwatin ya fi, shi ya sa za ta ƙi shi. Na ce da Sadiq ne ya faɗa da tuni an ce Allah ya yi albarka.

Ta koma kujera ta sa tabarau.

Na sassauta, don na ga kamar ba ta fahimci abin ba ne. Na durƙusa kusa da ita, na yi magana a hankali.

"Hajiya, wannan ɗin ba ya aiki sai ina cikin gidan nan. Kin ga ko ƙofa na fita ya ɗauke. Daga Gyaɗi-Gyaɗi ba zai kawo ba, balle daga Dutse."

Idonta yana kan allo, inda sunana yake da 'yar alamar an haɗa a ƙarƙashinsa.

"An ji," ta ce. "Ai ba kurma ce a zaune ba. Tun ɗazu aka gwada aka gani."

"To in na tafi fa?"

Ta ɗora yatsunta a kan maɓallan, amma ba ta danna ko ɗaya ba.

"Wannan ɗin ake so," ta ce.

Na daɗe a durƙushe. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan 'yar fitilar adaftar. Na so in rungume ta, amma na san in na yi za ta miƙe ta ce tana da aiki a kicin, mu ɓata abin gaba ɗaya. Sai na tashi na laluba jakata na ciro caja, na jona wayar a bangon kusa da tebur, na zauna a bakin gadonta inda Maman Gloria ta tashi.

Ta fara bugawa, a hankali da farko, sannan da saurinta na da. Ban leƙa in ga wa take rubuta wa ba. Wayar tana cinyata da zafinta, na buɗe na rubuta wa Bello cewa ya bar neman babban gida, ɗaki da falo ya ishe shi a Dutse. Ya turo alamar tambaya. Na ce zan yi masa bayani in na dawo, kuma ba yanzu zan dawo ba, ya ɗora wa yara taliya.

Da aka kira azahar Hajiya ta tsaya, ta karanta abin da ta rubuta daga sama har ƙasa, ta aika. Ta cire tabarau ta ninke.

"Gobe ma akwai rubutu," ta ce. "Bayan la'asar, in an tashi daga asibiti."

Na ce zan zo.